Kafin ku buga "bincike ya nuna", ku duba waye ya biya kuɗin binciken

Assalamu alaikum Malam Edita, ina yi maka fatan alheri kai da ma'aikatanka, Allah ya ƙara basira. Ni tsohon mai karanta jaridarku ne kuma shafin lafiya na cikin waɗanda bana tsallakewa, shi yasa nace bari in kawo ƙorafi akan wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a kafafen Hausa gaba ɗaya, ba ku kaɗai ba, gidajen rediyo da shafukan Facebook da masu turo saƙo a WhatsApp duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Da zarar an ga labari da turanci ya fara da cewa masana sun gano kaza sai a fassara a buga, "bincike ya nuna", shikenan magana ta ƙare, babu mai tsayawa ya tambaya su waye masanan, mutum nawa aka gwada, sannan uwa uba waye ya zaro kuɗi daga aljihunsa ya biya aikin. Zan kafa hujja da giya domin a nan ne asirin ya fi tonuwa, kuma da takardu ya tonu ba da jita-jita ba.

Nasan wani zai ce toh mu ina ruwanmu da giya, ai haramun ce, ko likitocin duniya kaf sun taru sunce magani ce ba zamu sha ba. Gaskiya ne, hukuncin addini baya jiran sakamakon bincike, kuma ayar Suratul Baƙara tun tuni tace akwai wani amfani a ciki amma zunubin ya fi amfanin girma. Sai dai jaridarku ba musulmi kaɗai ke karantata ba, akwai 'yan uwanmu kiristoci a Kaduna da Jos da Bauchi da Gombe da Hausa suke kwana suke tashi, kuma mu daina yaudarar kanmu, a cikin namu ma akwai masu sha a ɓoye da a sarari, wanda duk ya taɓa kwana a tasha ya ga abinda ake sayarwa a faranti. Irin waɗannan idan ka musu faɗa amsar da suke baka itace ai turawa ma sunce kaɗan-kaɗan tana gyara zuciya. Wannan maganar tana da asali kuma akwai waɗanda suka kashe maƙudan kuɗi don kar ta mutu.

A watan Nuwamba na 1991 wani shirin talabijin na Amurka mai suna 60 Minutes ya kawo rahoto cewa mutanen Faransa suna cin maiƙo da man shanu da cuku sosai amma ciwon zuciya bai kashe su kamar yadda yake kashe Amurkawa, aka ɗauko wani masani Bafaranshe Serge Renaud yace yana ganin sirrin na cikin jar giyar inabi da suke sha da abinci. Bayan shirin nan cinikin jar giya a Amurka ya tashi da kusan kashi 44 cikin 100. Kuma a gaskiya ba daga sama maganar ta faɗo ba, akwai bincike da yawa na wancan lokacin da aka ɗauki dubban mutane aka tambaye su nawa suke sha sannan aka bi su shekaru ana ƙirga wa ya mutu wa ya rayu, sai lissafi ya riƙa nuna cewa masu sha kaɗan sunfi waɗanda basa sha kwata-kwata tsawon rai, masu sha da yawa kuma su suka fi kowa mutuwa. In ka zana shi a takarda sai ya fito kamar harafin J, sunan da suke kiransa dashi kenan.

Matsalar tana cikin rukunin "waɗanda basa sha" ɗinnan. A ƙasar da kusan kowa ke sha, waye wanda baya sha? Da yawansu mutane ne da suka sha a baya har ta musu illa likita ya hana su, ko masu ciwon suga da hawan jini da ciwon hanta da suke kan magani, ko tsofaffin da jiki ya ƙi. Sai a kwashe su gaba ɗaya a zuba a kwando ɗaya da wanda bai taɓa ɗanɗanawa ba ace ga marasa sha, kaga dole wannan rukunin ya fito da yawan mace-mace tunda marasa lafiya aka cika shi dasu, ciwon ne ya raba su da giyar tun farko. A ɗaya ɓangaren kuma mai shan kofi ɗaya da abincin dare a Turai galibi mutum ne mai rufin asiri, yana da aiki, yana da ilimi, yana ganin likita, yana motsa jiki, abubuwan da su kansu suna ƙara lafiya ko da ruwan rijiya yake sha. Wani farfesa a Landan mai suna Gerald Shaper ya nuna wannan kuskuren tun 1988 a mujallar Lancet, wato tun kafin shirin talabijin ɗin ma, amma waye ya ji? Labarin da ke cewa abinda kake so yana maka amfani yafi gudu.

Hanya ɗaya da masana suka yarda tana raba gardama irin wannan itace gwaji na ƙuri'a, a ɗauki mutane masu kama da juna a raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, waɗannan su sha waɗannan kar su sha, a jira a gani. Toh shi ne aka tashi yi a Amurka, kuma nan ne labarin da nake so ku sani yake. Cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka da ake kira NIH, wadda babu kamarta a duniya wajen kashe kuɗi akan binciken lafiya, ta ƙaddamar da wani gwaji da aka yiwa laƙabi da MACH15, kuɗinsa dala miliyan 100. Za'a ɗauki mutum 7,800 'yan shekara 50 zuwa sama masu haɗarin ciwon zuciya, a wurare 16 a duniya, rabi su riƙa shan kofi ɗaya kullum rabi su ƙaurace, a bi su kimanin shekara shida. Shugaban aikin Dakta Kenneth Mukamal ne na Jami'ar Harvard. Kuma Malam Edita har da Najeriya a jerin wuraren, a Ibadan, kaga ba labarin nesa bane kamar yadda ake zato.

Waye zai biya? Kamfanonin giya guda biyar, Anheuser-Busch InBev (AB InBev a taƙaice) da Heineken da Diageo da Pernod Ricard da Carlsberg, sune suka yi alƙawarin sama da dala miliyan 67, wato kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin, aka bi dashi ta wata gidauniya da ke karɓar gudummawa a madadin cibiyar don ace ba hannu da hannu aka karɓa ba. Ukun farko duk mun san su a nan ko da bamu san sunansu ba, Heineken ce ke da kaso mafi tsoka a Nigerian Breweries mai masana'anta a nan Kaduna, Diageo ce ke riƙe da Guinness Nigeria a lokacin kafin ta sayar da kasonta a 2024, AB InBev kuma ita ke da International Breweries. Da aka fara surutu a 2017 sai jami'ai suka ce a kwantar da hankali, kamfanonin kuɗi kawai suka bada, babu ruwansu da yadda aka tsara aikin kuma basu da ta cewa akan sakamako.

A watan Maris na 2018 wata 'yar jarida ta New York Times, Roni Caryn Rabin, ta samo saƙonnin imel da takardun tafiye-tafiye ta hanyar dokar 'yancin samun bayanai, sai ga shi ashe tun 2013 da 2014 jami'an sashen binciken giya na cibiyar tare da masanan da zasu yi aikin suna ta zuwa wajen manyan kamfanonin suna tallata musu gwajin, har a wani babban otal a Palm Beach ta jihar Florida. Abinda ya fi ɗaure min kai shine abinda aka rubuta a allon da suka haska musu, cewa wannan gwajin dama ce ta musamman da za'a nuna cewa shan giya daidai-wa-daida bashi da haɗari kuma yana rage cututtuka. Dan Allah a sake karanta wannan. Ba'a ɗauki mutum ko ɗaya ba, ba'a auna jinin kowa ba, amma an riga an faɗawa mai biya amsar da zai samu, har ana nuna masa cewa irin wannan hujjar ce ake buƙata kafin likitoci su fara bada shawarar a riƙa sha a matsayin wani ɓangare na cin abinci mai kyau. Kuma dokar cibiyar ta hana ma'aikatanta roƙon kuɗi irin haka.

Shugaban NIH na lokacin Francis Collins ya kafa kwamiti, aka dakatar da ɗaukar mutane, a watan Yuni na 2018 aka soke gwajin gaba ɗaya bayan an ɗauki mutum 105 kacal. Rahoton kwamitin ya tabbatar da cewa an yi ta mu'amala da kamfanonin tun ana tsara aikin, wasu ma'aikatan sun ɓoyewa abokan aikinsu abinda ake ciki, kuma tsarin ya karkata wajen nuna amfani. Shi Dakta Mukamal ya musanta, yace kamfanonin basu sa masa hannu a tsari ba kuma shi a shirye yake ya buga duk abinda ya fito, adalci ne a faɗi hakan.

Amma ni inda nake so masu karatu su lura shine yadda ake karkatar da bincike ba tare da anyi ƙarya ko ɗaya ba, don mutane suna zaton sai an canza lambobi ne ake cuta. A'a. Duba tsarin. An cire duk wanda ya taɓa samun matsalar shaye-shaye, an cire masu ciwon hanta, an cire matan da ke da babban haɗarin kansar nono, wato duk wanda ake tsoron giyar zata yiwa illa da wuri an tsame shi tun a bakin ƙofa. In ka tambaya za'a ce maka ai don kare lafiyarsu ne kuma gaskiya ne, ba zaka ce mai ciwon hanta ya sha giya kullum ba, amma ranar da sakamako ya fito kanun jarida ba zai ce "ga mutanen da aka tace aka zaɓa" ba, cewa zai yi giya na gyara zuciya, mai ciwon hantan ma ya karanta. Sannan shekara shida da mutum 7,800 sun isa a ga bambanci a bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki amma basu isa a ga kansa ba, ita kansa tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta bayyana. Kwamitin ya kuma lura cewa ba'a saka gazawar zuciya cikin manyan abubuwan da za'a ƙirga ba alhali an san giya na da hannu a ciki. Kaga an buɗe ido sosai a inda ake sa ran ganin alheri, an rage haske a inda ake tsoron ganin sharri, kowace lamba gaskiya ce amma hoton da zai fito an riga an san shi. Kamar awon hatsi ne a kasuwa, mai sayarwa baya buƙatar ya maka ƙarya akan mudu nawa ya zuba in dai shi ya zo da mudun.

Kuma ba lallai masanin ya zama mugu ko maci amana ba. Mutum ne mai ɗakin gwaji da ɗalibai da ma'aikata da ke jiran albashi, ya san daga ina kuɗin bana ya fito kuma yana son na baɗi, Hausawa sun gama magana da suka ce in baki ya ci ido sai ya ji kunya. Kamfanin ma baya buƙatar ya kira shi a waya, ya isa kawai ya zaɓi irin tambayar da zai biya a bincika da irin masanin da ya riga ya san ra'ayinsa. Masu giya a Amurka da Kanada sun kafa gidauniyar tallafawa binciken giya tun 1982, na Turai suka kafa tasu a 2003, kuma an yi wata cibiya a Washington da manyan kamfanonin suka kafa a 1995 mai suna ICAP wadda aikinta a lokacin shine shiga maganar dokokin giya a ƙasashe.

Wannan cibiyar ce ta kawo mu Afirka. A 2010 wasu 'yan Norway biyu, Bakke da Endal, suka buga wani nazari a mujallar Addiction bayan sun samu daftarin manufofin giya na ƙasashe huɗu, Lesotho da Malawi da Uganda da Botswana. Ƙasashe huɗu daban-daban, kowace da ma'aikatar lafiyarta da al'adunta, amma da suka jera takardun sai suka ga kusan kalma da kalma iri ɗaya ne, sunan ƙasa kawai ake canzawa. Da suka leƙa bayanan da kwamfuta ke ajiyewa a bayan fayil, inda take rubuta sunan wanda ya ƙirƙiri takarda, sai ga sunan wani ma'aikacin kamfanin giya na SABMiller, wanda AB InBev ta saye daga baya a 2016. An shirya tarurrukan ne da sunan tuntuɓar jama'a tare da ICAP. Abinda daftarin ya fi ƙarfafawa shine wayar da kai da barin kamfanoni su sa ido akan kansu da kansu, abubuwan da aka san suna rage sha da gaske kuwa, ƙarin haraji da taƙaita talla da taƙaita wuri da lokacin sayarwa, an yi musu riƙon sakainar kashi.

A nan gida ma an yi. Daga 2014 Nigerian Breweries ta riƙa shirya taro a Legas akan giya da lafiya, a gayyato farfesoshi da masana abinci da fitattun mutane a hau mumbari ana bayanin amfanin shan giya daidai-wa-daida, washegari jaridu su ɗauka su buga kamar labarin kimiyya, wani malamin jami'a ɗan Najeriya Emeka Dumbili ya rubuta nazari yana sukar tarukan da cewa talla ce aka sakawa rigar ilimi. Kuma ƙasar da ma a jiƙe take, tun zamanin tallan Guinness na 1929 da ke cewa tana da kyau a jikinka, zuwa masana'antarsu ta Ikeja da aka gina a farkon shekarun 1960, zuwa tallan ƙarfi da aka yi ta yi mana, har yau akwai mai rantse maka cewa baƙar giya tana ƙara jini, har ana bawa wanda ya tashi daga ciwo shawara ya haɗa da madara. Wallahi na sha jin wannan daga bakin mutanen da ko kusa da mashaya basa zuwa, sun dai gada ne a matsayin ilimi.

Toh me binciken da ba kuɗin kamfani a ciki yake cewa? Tun 1988 hukumar binciken kansa ta duniya ta saka giya a rukuni na ɗaya na abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa, rukuni ɗaya da taba sigari. Jiki yana juya giya zuwa wani sinadari mai guba da ke lalata ƙwayoyin halitta, kuma an danganta ta da aƙalla kansa iri bakwai, ta baki da maƙogwaro da akwatin murya da bututun abinci da hanta da hanji da kuma nono, ita ta nono ma haɗarin yana fara hawa tun daga ɗan kaɗan ɗin da ake yabo. Tim Stockwell da abokan aikinsa a Jami'ar Victoria ta Kanada sun tattara bincike 107 da suka ƙunshi mutum sama da miliyan 4.8 suka buga a 2023, da suka gyara kuskuren cusa tsofaffin mashaya cikin marasa sha sai ribar tsawon ran da ake taƙama da ita ta bi ruwa. Wanda ya fi burge ni shine na China da aka buga a Lancet a 2019, mutum sama da 500,000 aka bi kusan shekara goma. A can akwai mutane da yawa da Allah ya halitta jikinsu baya ɗaukar giya, da sun kurɓa fuska tayi ja zuciya ta tashi, don haka basa sha sosai, kuma wannan gado ne ba ruwansa da arziƙi ko ilimi ko ciwo, kaga ƙuri'ar da ake nema an samu kyauta. Da aka kwatanta ta wannan hanyar sai aka ga hawan jini da shanyewar ɓarin jiki suna ƙaruwa ne yadda sha ke ƙaruwa, babu wani lungu a ƙasa da kaɗan ke bada kariya daga shanyewar jiki. A Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito ƙarara tace babu wani adadin giya da za'a ce bashi da haɗari ga lafiya, rahotonta na 2024 kuma yace mutum miliyan 2.6 giya ta kashe a 2019, kuma in aka auna da yawan jama'a Turai da Afirka ne a sama.

Ba zan ɓoye ba gardamar bata mutu ba, ko a Disambar 2024 wani kwamitin manyan masana a Amurka ya duba hujjoji yace masu sha daidai-wa-daida suna nuna ƙarancin mutuwa akan waɗanda basu taɓa sha ba, amma shima ya yarda haɗarin kansar nono yana ƙaruwa, wata ɗaya bayan nan kuma babban likitan gwamnatin Amurka na lokacin Vivek Murthy ya nemi a rubuta gargaɗin kansa a jikin kwalba, yace giya na jawo kansa kusan 100,000 da mutuwa kusan 20,000 duk shekara a ƙasar. Masana na da 'yancin su yi saɓani, haka ilimi ke tafiya. Kuma abin takaicin MACH15 kenan, tambayar da aka so amsawa tambaya ce ta gaske, da kuɗin gwamnati zalla aka yi shi da tsari mai kyau da watakila yanzu an huta, amma kwaɗayin dala miliyan 67 ya ɓata shi yadda ko da an gama babu mai yarda da sakamakon.

In kana son sanin abinda kamfanonin suke tsoro duba abinda ya faru a Yukon da ke arewacin Kanada a ƙarshen 2017. Masu bincike da hukumar yankin suka fara liƙa 'yar takarda mai launi a jikin kwalabe a shagon giya na garin Whitehorse, an rubuta giya na iya jawo kansa har da ta nono da ta hanji, don su ga ko mutane zasu lura. Kimanin wata ɗaya aka yi ƙungiyoyin masu giya suka taso da matsin lamba, hukumar ta ji tsoron shari'ar da bata da kuɗin yi aka dakatar, da aka dawo da aikin a 2018 sai aka dawo babu takardar kansar. A shekarar 2017 ɗin dai Mark Petticrew da abokansa a Landan sun duba bayanan ƙungiyoyi 26 masu alaƙa da kamfanonin giya, irin masu cewa a sha da hankali ɗinnan, suka samu mafi yawansu suna musanta alaƙar giya da kansa ko su rage mata kaifi ko su binne ta cikin dogon jerin wasu dalilai. Wato binciken da zai ce tana gyara zuciya a bashi miliyoyi, 'yar takardar da zata ce tana kawo kansa a kira lauya.

Kuma ba masu giya suka ƙirƙiro dabarar ba, daga masu taba aka koya, su da suka kafa kwamitin bincikensu a 1954 har wata takardar cikin gida ta kamfanin Brown & Williamson ta 1969 ta rubuta cewa shakku shine hajarsu. Masu suga ma a shekarun 1960 sun biya masanan Harvard suka rubuta nazarin da ya ɗora laifin ciwon zuciya akan maiƙo ya sassautawa suga, sai 2016 aka tono takardun. Wannan kam ya shafi kowa, mai sallah da mai zuwa coci, don gidan da ba'a shiga da giya ana shiga da lemon kwalba katan-katan ranar suna da biki.

A wajenmu ma abin yafi muni ta wani gefen, domin duk wannan gardamar ta kofi ɗaya da abinci ce a ƙasashen da ake auna kofin. Wanda ke tsaye a tasha da asuba yana tsotsar leda biyu uku kafin ya hau babur ko ya kama sitiyari ba kofi ɗaya yake sha ba, kuma abin cikin ledar mai zafi ne ba irin na kwalba ba, wani ma an haɗa shi da saiwoyi ana sayar masa a matsayin maganin basir ko ciwon baya ko ƙarfin maza, ga ciwon hanta na hepatitis B da yayi mana katutu mutane da yawa suna ɗauke dashi basu sani ba, ka zuba giya akan wannan hantar kaga me zai biyo baya. Hukumar NAFDAC ta yi yarjejeniya da masu sarrafawa tun 2018 cewa cikin shekara biyar za'a daina giyar leda da ƙananan robobi 'yan ƙasa da mililita 200 saboda yara na samunta a arha su saka a aljihu, da lokaci ya cika a farkon 2024 aka fara aiwatarwa sai zanga-zanga da maganar asarar ayyuka da shiga majalisa har aka ɗage. A irin wannan rigimar kowane ɓangare da takardar bincikensa yake zuwa, kuma a teburinku ake ajiye su.

Don haka roƙona gareku mai sauƙi ne kuma baya cin kuɗi. Kusan kowace mujallar kimiyya ta kirki yanzu tana tilasta masu bincike su rubuta wanda ya basu kuɗi da duk wata alaƙa da suke da ita da kamfani, yana can ƙarshen takardar da ƙananan haruffa kafin jerin littattafai, minti biyu ya isa wakilinku ya gangara ya duba. In ya gani ya ƙara layi ɗaya a labarin, kamfanin kaza ne ya ɗauki nauyin wannan binciken, ko gwamnatin kaza ce, mai karatu ba yaro bane zai yi nasa lissafin. In labarin daga taro ya fito a faɗa mana waye ya kama ɗakin taron ya biya kuɗin jirgin farfesan. A faɗa mana mutane aka gwada ko ɓeraye, kuma bin su kawai aka yi ana kallo ko ƙuri'a aka yi aka raba su. In kuma labarin ya muku nauyi ga likitoci nan a asibitin koyarwa na Shika da na Malam Aminu Kano masu jin Hausa raɗau, a kira ɗaya a karanta masa kafin a buga.

Nagode da bani wannan fili, a gaida ma'aikata.

Naku,
Mai karatunku daga Tudun Wada, Kaduna